Kuɗin Mai Tsaron Baya

Mutanen Umdurman suna da wani lokaci a shekara wanda ba ya cikin lissafin manoma, ba ya kuma cikin na masu duban wata. Shi ne lokacin tasjilat, sa'ad da ƙungiyoyin ƙwallo ke rubuta sababbin 'yan wasa, suna sallamar waɗansu, suna kuma ƙoƙarin riƙe waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Wanda ya zauna a garin kafin yaƙi ya san yadda kwanakin nan suke. Jaridun wasanni irin su Goon da Al-Sada sukan ƙare a hannun mai sayarwa tun kafin hantsi, a gaban kowace mai shayi kuma ba ka jin kome sai wane ya sa hannu, wane ya ɓace, wane an ɓoye shi a wani gida an karɓe wayarsa don kada abokan hamayya su kai gare shi. Filin Hilal da na Marikh duka a Arda suke, tafiyar ƙafa kaɗan ce tsakaninsu, amma ɗan wasan da ya ƙetare wannan 'yar tazara ya yi tafiyar da ba a manta masa ita har ya tsufa.

A duk shekarun da na yi ina sauraron wannan hayaniya, na lura da cewa kuɗi hanya ɗaya ya sani, wato hanyar gaba. Mai zura ƙwallo shi ake ɓoyewa, shi ake tara a filin jirgi, shi ake ɗauka a kafaɗa. Mai tsaron baya kuwa, idan wa'adinsa ya ƙare, sai ka ji ana cewa a bar shi ya ɗan jira, ai ba inda za shi. To, ya ku 'yan'uwa masu karatu, tambayar da nake so mu tattauna ita ce, idan ƙungiya tana da ɗan baya guda wanda kowa ya san shi ne ƙashin bayanta, ya kuwa zo yana neman kuɗi mai nauyi, shin ta biya ta riƙe shi, ko ta sake shi ta nemi wani? Tambayar ta zo har teburina a kwanakin nan, zan kuwa faɗi yadda ta zo, amma sai mun bi ta Arda tukuna.

Hilal ta shekarar 2007 tana cikin ƙungiyoyi mafiya kyau da idona ya gani a ƙasar nan. Mai horar da ita ɗan Barazil ne, Ricardo. Mu'izz Mahjub yana raga, Haisam Mustafa yana rarraba ƙwallo a tsakiya kamar mai rabon gado, a gaba kuma ga 'yan Najeriya biyu, Kelechi da Godwin. Su ake yi wa kirari. Amma a bayansu akwai wani bango da aka gina da tubali daga ƙasashe dabam-dabam: Dario Khan ɗan Mozambik, Richard Justin ɗan Kudu tun ƙasar tana ɗaya, da kuma Yusuf Muhammad a gefe, wanda ya zo daga Enyimba, ƙungiyar da ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004. Mu a unguwa ɗan gida muka ɗauke shi, saboda sunansa da ƙasar da ya fito, yaranmu kuma sukan yi rigima a filin dafuri kan wanda zai zama Yusuf. A shekarar nan Hilal ta ci Ahli ta Masar 3 da babu a Umdurman. Kowa yana tuna ukun, kaɗan ne ke tsayawa a kan babun, alhali kuwa hana Ahli ta wancan zamani zura ƙwallo ko ɗaya aiki ne da ya fi ukun wuya. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ci Etoile ta Tunisiya 2 da 1 a gida, aka ci ta 3 da 1 a Susa, Etoile ta wuce ta ɗauke kofin.

Daga nan bango ya fara watsewa. Dario Khan ya tafi Isma'ili ta Masar, Richard ma ya bi shi can. Yusuf ya tafi Sion ta ƙasar Suwizalan, daga can ne ma aka kira shi ya buga wa Najeriya kofin Afirka na Angola a farkon 2010. A ɗaya gefen titin kuma, Marikh ta buɗe jaka ta sayo Stephen Worgu daga Enyimba, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kofin zakaru na 2008, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura dala miliyan 2, ta kuma janye Kelechi daga Hilal.

Shekarar 2009 ta zo ta yi wa kowa hisabi. A ranar da aka fitar da rukunoni, mu Hausawan Khartum mun rasa inda za mu sa zuciyarmu, domin Hilal da Marikh da Kano Pillars duka a rukuni guda suka faɗa, tare da Zesco ta Zambiya. Pillars ɗin nan ita ce ta fitar da Ahli kafin a kai ga rukuni, ta kuma zo Umdurman sau biyu a shekarar. Na ga dattawan da ba su taɓa taka filin ƙwallo ba sun sa manyan riguna sun hau mota daga Mayo, ba don sun san satar gida ko bugun kusurwa ba, sai don su ji ana kiran juna da Hausa a tsakiyar fili. Marikh da 'yan gabanta masu tsada ba ta fita daga rukunin ba. Pillars da Hilal suka fita, har muka fara mafarkin su haɗu a wasan ƙarshe, ɗaya a Kano ɗaya a Umdurman. Heartland ta tare Pillars. Hilal kuwa, a watan Oktoba, Mazembe ta Kwango ta zo har gida ta zura mata 5, ita ta rama 2.

Ga wurin da nake so mai karatu ya ɗan tsaya ya yi lissafi da ni. Hilal ta je Lubumbashi ta ci 2 da babu, jimilla ta zama 5 da 4. Da an hana ɗaya kawai daga cikin biyar ɗin, da jimilla ta zama 4 da 4, Mazembe ta wuce duk da haka saboda ƙwallon waje. Da an hana biyu, da Hilal ce a wasan ƙarshe. Ƙwallo biyu, a dare ɗaya. 'Yan gaba sun yi nasu, sun ci huɗu a wasa biyu, wanda ya isa ya kai kowace ƙungiya gaba. Abin da ya ɓace a daren nan shi ne mutumin da zai daka tsawa bayan ƙwallo ta biyu, ya ja layi baya, ya kwantar da wasa minti goma har hankali ya dawo jikin mutane. Na san za a ce da Mazembe ba ta tafi gida da tazarar uku ba, da ba ta yi sakaci a Lubumbashi ba, kuma maganar tana da ƙarfi, domin ƙungiyar da ke da Mputu ba a yi mata lissafin alli. Duk da haka ban taɓa iya raba daren nan da tafiyar waɗanda suka tafi ba. Yusuf ya dawo Hilal daga baya, amma a lokacin an riga an ci kasuwa an watse.

Matsalar mai tsaron baya ita ce aikinsa ba ya barin shaida. Ɗan gaba yana iya ɓarar da dama tara ya ci ta goma, gobe hotonsa ne a shafin farko. Ɗan baya yana iya tare tara, ta goma ta wuce shi, sunansa ya ɓaci. Ku tambayi duk wani tsohon mai son Hilal game da wasan ƙarshe na 1987 a Alƙahira, zai ambaci ƙwallon da alƙali ya soke, sa'an nan ya ambaci Jamal Sa'alab da ƙwallon da ya ci gida. Ba zai gaya muku cewa masu tsaron bayan nan ne suka riƙe Ahli babu ci a wasan farko ba. Mafi gwanintar 'yan baya ma shi ne wanda ba ka ganinsa yana zamiya yana tayar da ƙura, domin ya riga ya tsaya a inda ƙwallon za ta biyo tun kafin a bugo ta, mai ita ya duba ya ga hanya a rufe ya mayar da ita baya. Wane magatakarda ne zai rubuta harin da ba a kawo ba? Shi ya sa idan aka zauna ciniki, ɗan gaba yana zuwa da lambobi a hannu, shi kuwa ɗan baya sai dai ya ce ku tambayi mai tsaron raga.

Amma tarihinmu ya yi masa shaida. Kofin nahiyar Afirka guda da wata ƙungiyar Sudan ta taɓa kawowa gida shi ne na Marikh a 1989, wanda ake kira kofin Mandela. Ta ci Bendel United 1 da babu a gida, ta je Najeriya ta tashi babu ci, Hamid Biraima yana raga. Minti 180 ba a zura mata ko ɗaya ba, ƙwallo ɗaya tak ta wadatar. A kwanan nan ma, cikin yaƙi, ƙungiyar ƙasa a hannun Kwesi Appiah ta sami gurbin kofin Afirka na 2025 ta bar Gana a baya, alhali ƙwallo 4 kawai ta ci a wasa 6. Sirrin shi ne a wasa 4 daga cikinsu ba a ci ta ba, har da biyun da ta yi da Gana. Ranar da bayan ya buɗe kuwa, 'yan'uwanmu na Nijar suka zura mata 4.

Saboda haka ra'ayina a fili yake, a biya. Sai dai biyan yana da lokaci, kuma a nan ne shugabannin ƙungiyoyinmu suka fi yin barci. A ƙarshen 2020 an ga abin da jinkiri ke haifarwa. 'Yan wasan Marikh uku, Ramadan Ajab da Muhammad Rashid da Bakhit Khamis, wanda shi mai tsaron baya ne na gefen hagu, wa'adinsu ya matso, suka sa hannu da Hilal, sa'an nan suka koma suka sa hannu da Marikh. Magana ta fita daga fili ta shiga kwamitocin hukumar ƙwallo, daga nan ta haye har kotun wasanni ta duniya da ke Lozan. Mu da muka zauna gaban malamai mun karanta a babin ciniki cewa ba a shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla, a babin ijara kuma lada da wa'adi sai sun zama sanannu ga ɓangare biyu. Amma kafin a zargi mai shiga ciniki, a tambayi mai kaya don me ya bar ƙofa a buɗe har wa'adi ya zo ƙarewa. Ɗan wasan da za ka iya riƙewa da kuɗi kaɗan saura shekara guda, idan ka bari saura wata guda, farashinsa ba ya hannunka kuma, yana hannun maƙwabcinka, ga kuma kuɗin lauyoyi a kai.

Ba kuma kowane biya ne hikima ba. Wanda Turai ta kira, kamar Yusuf, riƙe shi zalunci ne ko da kana da kuɗin, domin rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce, gwiwa ɗaya ce tsakaninsa da zaman gida. Wanda Isma'ili ta kira kuwa, wannan ana iya zama a yi magana, Isma'iliyya ba Turai ba ce. Akwai kuma shekaru. Ɗan baya yana daɗewa fiye da ɗan gaba saboda da kai yake wasa, amma ranar da ƙafa ta ƙi bin umarnin kai, ba ta yin sallama, ƙungiyar da ta ɗaure kanta da wa'adi mai tsawo sai ta wayi gari tana biyan suna. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne cewa tsaron baya aikin gayya ne. Mutum huɗu ne da igiya guda a ƙugunsu, idan ɗaya ya matsa sauran su matsa. Ka ba ɗaya ninkin abin da ukun ke samu, ka saka tsutsa a cikin igiyar.

Ga kuma tambayar da ba a son yi, wato daga aljihun wa? Manyan ƙungiyoyin Umdurman sun daɗe suna rayuwa a kan dukiyar mutum guda, Jamal al-Wali a Marikh, Salah Idris da Kardinal da Subaɗ a Hilal, kowa da zamaninsa. Ana biyan baƙi da dala, kuɗin ƙofa kuwa da jine yake shigowa, jinen da kullum yake ramewa. Tun 15 ga Afrilu 2023 ma babu ƙofar. Filayen Arda suka yi shiru, ƙungiyoyin biyu suka zama baƙi a gasar Muritaniya, daga baya a ta Ruwanda. Mai kuɗi idan ya biya, ya biya daga nasa, ba wanda zai tuhume shi. Amma idan kuɗin na jama'a ne, hukuncin ya sake.

Wannan ne ya kawo ni ga teburina. Unguwarmu ta kudancin Khartum tana da 'yar ƙungiya, wadda ba ta taɓa shiga jarida ba, amma da ita yaranmu ke fita su yi wasa da na sauran unguwanni a san cewa muna nan. Tun da mutane suka fara komowa gida a 2025, samari suka share filin, suka kwashe abin da yaƙi ya bari a ciki, suka kafa ƙarafan raga. A cikinsu akwai wani yaro mai tsaron baya, dogo, marar yawan magana, maraya, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa a gidan da suka dawo suka tarar babu ƙofa babu taga. Wata ƙungiya daga wata jiha ta aiko masa da tayi, kuɗin hannu da albashin wata. Ba dukiya ba ce a idon mai arziki, amma ga gidan da ba ƙyaure dukiya ce.

Samari suka yi ayari suka zo wurin dattijonmu, ni kuma ina gefe da littafi kamar kullum. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, in yaron nan ya tafi ƙungiya ta mutu. A ba mu daga sanduƙ mu riƙe shi." Sanduƙ ɗin da suke nufi shi ne asusun jama'a, wanda ni nake riƙe da lissafinsa, na kuwa san abin da ke ciki da abin da ke jiransa: likkafani, maganin zazzaɓi, gyaran famfon masallaci, da matan da mazansu ba su dawo ba. Na san kuma samarin ba wasa suke ba. Yaron da ke fili bayan la'asar ba ya wani wurin, kowa kuwa ya san waɗanne wurare ne ke kiran samari a wannan zamani, da abin da ake ba su su riƙe a can. Ƙungiyar da ake ci kullum ba ta riƙe yara, watsewa suke yi. Don haka ban ɗauki roƙonsu a matsayin son ƙwallo kawai ba.

Dattijo bai ce musu i ko a'a ba. Ya ce su tafi, a turo masa yaron shi kaɗai. Da ya zo ya gaishe shi, sai ya ce, "Ɗana, kowa ya faɗi abin da yake so da kai. Kai me kake so?" Yaron ya daɗe kansa a sunkuye, sa'an nan ya ce ba ya son barin mahaifiyarsa a gidan da ba a kulle shi, amma ba zai iya kallon ƙannensa ya ce ya mayar da kuɗi saboda ƙwallon unguwa ba. A duk tasjilat ɗin da na shaida a Umdurman, da ɓoye mutane da karɓe wayoyi, ban taɓa jin an ce wani shugaba ya fara da wannan tambaya ba.

Ga yadda aka yanke, ni na rubuta takardar da hannuna. Ba za a taɓa sanduƙ ba, ko jine ɗaya. 'Yan kasuwarmu bakwai, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a bakin fili, su za su haɗa masa abin wata, ƙasa da abin da waccan ƙungiya ta yi tayi, amma wani kafinta daga cikinmu zai sa wa gidan ƙofa da tagogi a kan bashi mai sauƙi, wani kuma zai ba shi raksha ya riƙa ja da safe. Wa'adin kaka ɗaya ne. In tasjilat mai zuwa ta zo, tayi ya sake zuwa, ba mai riƙe masa riga, dattijo da kansa zai sa masa albarka. A cikin kakar nan kuma zai ɗauki yara biyu 'yan ƙasa da shi ya tsaya da su a baya, ya koya musu inda ake tsayawa da lokacin da ake yin tsawa. Na nemi a ƙara layi guda, aka yarda, cewa sauran ukun da ke tsaron baya tare da shi su ma za a riƙa ba su kuɗin mota da na sabulu daga abin da aka tara, kuma an karanta musu takardar a gabansa don kada wani ya ji labari a bakin mai shayi.

Waɗansu samari sun ce mun yi rowa, da an ba shi kuɗi a dunƙule an ɗaure shi shekara uku. Wata dattijuwa kuma ta aiko mini da saƙo cewa ashe har mun sami sararin yin taro a kan ƙwallo alhali rabin unguwa ba ruwa. Na karɓi saƙon biyu na ajiye su a littafi ɗaya. Yaron ya sa hannu, mahaifiyarsa ta dangwala yatsa a matsayin shaida. Daga cikin 'yan kasuwa bakwai, biyar sun kawo na watan farko, biyu sun ce sai kaya sun iso daga Bur Sudan, na rubuta sunayensu da jan alƙalami. An sa ƙofar gidan ranar Talata, tagogi ba su iso ba tukuna. Wasan farko Juma'a mai zuwa ne bayan la'asar, da ƙungiyar da ta zura mana 4 a wasan ƙarshe da muka yi kafin yaƙi.